Ƙunshin da Ke Ƙarƙashin Gadon Hajo

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Hajo a Kwanyawa, ita ma ruwan damina ya cinye ta har ta dawo iya ƙirji. Don haka in na ce na san matar nan, ba a bakin rijiya na tsinto labarinta ba. Ni Ikilima ƙuli-ƙuli nake yi da man gyaɗa, ita kuma awara take soyawa da yamma a ƙofar gida, a wurina take sayen mai. Abin da zan fara faɗa a kanta shi ne, tun da nake ban taɓa ganin babbar mace mai tsoro irinta ba. A buga ƙyauren gidanta da ɗan ƙarfi, sai ludayi ya suɓuce daga hannunta. Babur ya tsaya a ƙofa bai kashe inji ba, sai ta leƙo ta saman katanga tana raɗa, "Ikilima, don Allah duba min ko waye." Nakan ce mata, "Yaya Hajo, wai wa kika kashe ne ba mu sani ba?" Sai ta yi 'yar dariya ta ce wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Nata macijin a Jidda ya sare ta. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya tal, Rahmatu. Da ta aurar da ita ga Ashiru, wani manomi ɗan Zoza ta ƙasar Rogo, sai ɗaki ya yi mata faɗi. Ta sayar da awakinta da 'yar gonar da ta gada, ta tafi Umara, ta maƙale a can kamar yadda mata da yawa suka yi a lokacin. Shekara da shekaru tana aikatau a gidan wasu Larabawa ba ta da takardar zama. Ba ta fita sai dole. In aka danna ƙararrawar gida, sito take shiga ta tsuguna bayan buhunan shinkafa, har sai an zo an ce mata baƙi ne kawai, ba masu kame ba.

A kicin ɗin gidan nan ta haɗu da Sumiyati, 'yar ƙasar Indonesiya, wadda take kira Sumi. Ba su da yare ɗaya sai guntun Larabcin kicin da nuni da hannu, amma Hajo ta ce ko ciki ɗaya suka fito ba za su fi haka shaƙuwa ba. Sumi ma ta baro yara a ƙauyensu. In kewar gida ta ishe ta, sai ta jira uwargida ta fita, ta rufe ƙofar kicin, ta dafa abincin garinsu. Su ci a tsaye, su wanke tukunya, su kunna turare, don matar gidan ba ta son warin. Haka Hajo ta koyi girkin mutanen can. A ɓoye ta koya, a ɓoye kuma ta saba ci.

Ta waya aka gaya mata Rahmatu ta rasu wurin haihuwa ta biyu, ita da abin da ta haifa, ta bar yarinya ƙarama mai suna Hidaya. Ranar Hajo da kanta ta sa mayafi ta fita titi, ta je ta tsaya inda ake kame, don a kama ta a kawo ta gida. Ta sauka Kwanyawa da jaka ɗaya. Ba zinare, ba haƙorin Makka, sai wani ɗan ƙullin gari da Sumi ta ɗaure mata a bakin zani. Har yau ba ta kama sunan Rahmatu, don 'yar fari ce, sai dai ta ce marigayiya.

Da ta je Zoza ta tarar da Hidaya a hannun Radiyya, yayar Ashiru. Yarinya ta kai shekara uku amma ka ce ba a yaye ta ba, gashi ja, ciki ya yi tulu, ƙafafu kamar sillen kara, in an miƙa mata tuwo sai ta kau da kai. Hajo ta durƙusa ta roƙi a ba ta riƙo. Radiyya ta ce wadda ta bar 'yar cikinta ta tafi neman riyal, yau ita ce mai tausayin jika? Ni ban ga laifin Radiyya duka ba. Ita ta yi jinyar Rahmatu, ita ta yi mata wanka, mace ce mai zafin kai amma ba muguwa ba ce. Ashiru ne ya raba gardama, kansa a sunkuye irin na suruki. Ya ce, "Inna, ki tafi da ita. Amma aro ne. Duk ranar da muka ga da gyara za mu zo mu ɗauka." Kalmar nan ta aro ita ta tsaya wa Hajo a ƙirji. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofarta, a zatonta daga Zoza yake, an zo karɓar yarinya.

Yarinya kuwa ta ƙi tuwo, ta ƙi kunu, ta ƙi awarar ma da ake rububi a ƙofar gida. Sai Hajo ta koma ga abin da ta iya. Ranar da ƙamshin ya fara tsallako min katanga, na ɗauka biki ake a wani gida aka ƙi gayyata ta. Kwakwa ta sayo a kasuwar Karaye, ta goge, ta matse madararta, ta dafa shinkafa a ciki da citta da ciyawar nan mai ƙamshin lemo da ake jefawa a shayi. Wata rana kuma shinkafar jiya za ta soya da ƙwai da albasa da attaruhu. Tana da wani ɗanyen yaji da take dakawa, attaruhu da tumatir da tafarnuwa. Ta ce su Sumi da wani dakakken jatan lande mai wari suke haɗawa, ita da ba ta da shi sai ta sa daddawa da ɗan busasshen kifi, wai ma ya fi daɗi. Wadda ta fi ɗaure min kai ita ce miyar gyaɗa. Gyaɗata ce fa, ni na soya na ba ta, amma sai ta niƙa ta zuba ruwan tsamiya da mazarƙwaila, ta kwarara a kan dafaffen kabeji da awara da ƙwai da kokwamba. Na ce, "Yaya Hajo, miya da zaƙi? Su mutanen nan ba su da manya ne a garinsu?" Na ɗanɗana don in samu abin tsiya, sai ga ni ina siɗe kwano.

Duk wannan Hidaya takan taɓa ta bari. Abu ɗaya ne ya kama bakinta, shi ne wanda Sumi ke kira tempe, bakin Hajo ya mayar da shi tamfe. Waken suya ne, irin wanda ke zube a kowace gona a nan. Hajo kan jiƙa shi, ta tafasa, ta murje ɓawon tas, ta sake dafawa da ɗan ruwan tsami, ta baza a faifai ya sha iska. Sannan ta barbaɗa garin nan na Sumi, wanda take kira iri. Ta ƙunshe waken a ganyen ayaba da ake kawo mata daga lambunan bakin dam, ta bi kowane ƙunshi ta huhhuda da allura don ya samu numfashi. Sai ta jera su a ƙwarya, ta rufa tsohon zani, ta tura ƙarƙashin gado. Bayan kwana biyu wani farin gashi mai laushi ya fito ya ɗinke waken ya zama curi guda. Ta yayyanka, ta soya a mai, ta juya shi cikin mazarƙwaila da tsamiya da tafarnuwa har ya yi ja yana ƙyalli. Irin kuwa ba ya ƙarewa, don takan bar guntu ya tsufa, ta shanya, ta daka da garin shinkafa ta adana a gwangwani.

Ranar da ta fara nuna min ɗanyensa, tsigar jikina ta tashi. Na sa hannu na ji ƙunshin da ɗumi kamar jikin ɗan tsako, alhali ba wuta a kusa. Ta buɗe, ga farin gashi ya lulluɓe ko'ina. Na yi a'uziyya na ja da baya. Ta ce, "Haba Ikilima, daddawar da kike jefawa a miya, ba rufe ta ake yi ta kwana ta yi zafi ba?" Na ce daddawa dai ko kakata ta san ta. Amma na ci soyayyen, na kuma ga abin da ya yi wa Hidaya. Kafin shekara ta zagayo gashin yarinya ya yi baƙi, jiki ya murje, tana bin kakarta tana jan zaninta tana cewa, "Inna, farin abu."

Na sha ba ta shawara. "Ki fito da shi ƙofar gida ki soya kusa da awara, kowa ya gani, ya saya, a saba." Sai ta girgiza kai. "Ke ba ki san mutane ba. Abin da ba su san sunansa ba, su ke raɗa masa suna. In magana ta kai Zoza cewa ruɓaɓɓen wake nake ba ta fa? Washegari za su zo su ɗauke ta." Ko ɓawon waken ba ta zubarwa a juji, rami take tonawa a bayan ɗaki ta binne. Na ce mata wallahi ɓoyon nan ya fi abin da ake ɓoyewa ban tsoro. Ta ce ni dai in rufa mata asiri.

Hidaya na da shekara biyar, ana shirin Babbar Sallah, damina ta zauna, Radiyya ta zo ɗaukarta ta yi Sallah a gidan ubanta kamar yadda aka saba. Ina tsakar gidan ina auna wa Hajo mai. Radiyya ta shiga ɗaki neman takalmin yarinya, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado, ta jawo ƙwarya. Can sai ga ta ta fito da ƙunshi ɗaya a buɗe a tafin hannunta, ta miƙe hannun nesa da jikinta. A ɗaya hannun tsohon zanin ne, allurar na soke a bakinsa.

"Hajiya, mene ne wannan? Me ya sa yake da zafi?"

Da ni ce, da dariya zan yi in aza kasko in soya mata ta ci. Hajo kuwa sai ta yi wuf ta fizge ƙunshin ta cusa cikin zaninta, ta ce, "Ba komai ba ne. Ba komai." Na ce abinci ne, wake ne, ni ma ina ci. Radiyya ta dube ni, ta dubi Hajo da ke haɗa gumi. Sai Hidaya ta rugo tana tsalle tana cewa, "Nawa ne, Gwaggo! Ni Inna take yi wa!" Radiyya ta kama hannun yarinya suka fita, ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba.

Sallah ta wuce ba a dawo da Hidaya ba. Hajo ta daina fitar da kaskon awara. Takan zauna a bakin ƙofar ɗaki da carbi a hannu, ba ta ja, kunnenta na titi. Ta kira wayar Ashiru, ya ce lafiya lau, sai an kwana biyu. Ni kaina abinci ya daina yi min daɗi, don na fara jin ƙishin-ƙishin a injin niƙa. Wai an ga wani abu mai gashi a ɗakin Hajo, wai tana binne-binne a bayan ɗaki, wai dama waɗanda suka daɗe a ƙasar waje ba a san abin da suke haɗiyowa ba. Mata na hango ni sai su canja zance.

Rannan da hantsi babur ya tsaya a ƙofarta, wannan karon kuwa daga Zoza yake. Mai babur ɗin ya ce Hidaya ba lafiya, an ce Hajiya ta zo yanzu-yanzu. Hajo ta fito da takalmi wari da wari. Na ja mayafina na ce ƙafarta ƙafata, muka hau mu biyu. Hanya duk taɓo, dawa da masara sun rufe gefe da gefe. Ina riƙe da ita ta baya har muka isa.

Tun daga ƙofar gida na san ba lafiya ba. Maza sun yi cirko-cirko a waje, har da samarin da ba na gidan ba, wasu da sanduna a hannu, wai daga gona suke. Muka yi sallama, aka amsa ƙasa-ƙasa. A tsakar gida mata sun cika, suka dare mana hanya, kowace na janye ɗanta. An shimfiɗa Hidaya a tabarma a inuwar rumfa, jiki zafi rau, leɓɓa sun bushe, idanu a juye. Duk wadda ta raini yara da damina ta san zazzaɓin nan. An saya mata magani a kemis, tana sha tana amayarwa. Tana ta fizge-fizge tana kira, "Inna. Inna Hajo. Ki ba ni farin abu."

"Kun ji da kunnenku," in ji Radiyya. Idonta ya yi ja, da gani ita ma ta daɗe ba ta runtsa ba. "Tun da ta kwanta ba sunan da take kamawa sai wannan. Ba ta kira ubanta ba, ba ta kira ni ba."

Sai a lokacin na gane abin da aka kira mu yi. A wurinmu in mara lafiya ya fita hayyacinsa yana kama sunan mutum, akwai masu cewa mutumin nan maye ne, shi ya kama masa kurwa. Magani kuma a wurinsu ɗaya ne, a kawo wanda ake zargi ya tsallaka mara lafiyar a gaban jama'a, wai ta haka zai sake shi. Na ce, "Ku ji tsoron Allah! Yaro na zazzaɓi wa zai kira in ba wadda take kwana da shi ba? Ku kai ta asibiti a Rogo!" Wata tsohuwa ta ce wanda aka kama wa kurwa, allura na taɓa shi sai gawa. Wata ta ce ni ma abin a bincika ce, tun da an ji na ce ina cin farin abin nan. Sai na ji hayaniyar samarin nan ta matso har cikin zaure.

Hajo ta nufi tabarma za ta ɗauki yarinyar, aka tare ta. Ta juya wajen Ashiru, wanda ke tsugune a bakin zaure ya haɗa kai da gwiwa. Tun da ya auri 'yarta ba ta taɓa kallonsa ido da ido ba sai ranar.

"Baban Hidaya, ka ɗauke ta ku tafi. Ni ku yi duk abin da za ku yi da ni daga baya."

"Inna," ya ce, bai ɗago ba, "ni ban ce ke ce ba. Wallahi ban ce ba. Amma na rasa uwarta. In na kai ta aka yi mata allura ta mutu, me zan ce wa mutanen nan? Ki tsallaka kawai. Kina tsallakawa, ga babur can, da kaina zan kai ta."

Na matsa kusa da ita na yi mata raɗa. "Yaya Hajo, kada ki yi. In kika tsallaka aka kai ta asibiti ta warke, ba mai cewa likita ne, cewa za a yi ke kika sake ta. Kin amsa sunan ke nan har kabari, kuma ba za su ƙara ba ki ita ba. Mu tsaya a kira liman." Na ɗaga murya na tambaya, aka ce liman ya tafi jana'iza wani ƙauye, sai bayan la'asar. Gaba kura, baya siyaki. Hajo ta ɗaga kai ta dubi rana, ta dubi yarinyar, wadda a lokacin haƙoranta suka fara datsewa.

"Na sani, Ikilima," ta ce. "Riƙe min mayafina."

Ta tuɓe takalmi. Ta tattare zaninta. Ta ɗaga ƙafa ta tsallaka yarinyar, ta juyo ta sake tsallakawa, bakinta na motsi, ni da ke kusa na ji Ayatul Kursiyyu take karantawa. Ko muryar ce, ko ƙamshin jikin kakarta ne, Allah masani, Hidaya ta buɗe ido ta miƙo hannu ta ce, "Inna." Mata suka ɗauki salati. Wata ta ce, "Kun gani ko!" Radiyya ta fashe da kuka, ta suri yarinyar kafin hannun Hajo ya kai gare ta.

Ashiru ya cika alkawari, kafin Hajo ta yafa mayafi babur ya tashi da su. Mu kuwa wata baiwar Allah ce ta fitar da mu ta bayan gida, ta cikin masara, ta ce kada mu kuskura mu bi ta zaure. Muka yi ta tafiya a ƙasa cikin taɓo, ganye na yankar mana fuska. Duk motsin da na ji a bayanmu sai in ce samarin ne, ban taɓa jin tsoro irin na tafiyar nan ba. Sai da muka kai bakin titi Hajo ta zauna a ƙasa ta yi amai.

A asibiti aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau wa yarinya kai. Aka sa mata ruwa, aka yi mata allurai, ta warke sarai. Da labari ya zo Hajo ta yi sujada a tsakar gida, ta ɗago goshinta duk ƙasa. Ɗaya labarin kuwa ya riga mu isowa Kwanyawa. Limaminmu ya yi huɗuba mai zafi a kan zato da ƙazafi, maza suka gyaɗa kai, suka koma gida suka hana 'ya'yansu sayen awarar Hajo. Ta fitar da kasko, ta soya, ta zauna har magariba, ta kwashe ta mayar ciki. In ta shiga gidan suna, sai mai jego ta tuna jariri na jin yunwa ta shige ɗaki da shi. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya jefe ta, gaisuwa ma ana yi mata, amma daga nesa. Kayan Hidaya kuwa mai babur aka aiko ya kwasa. Hajo ta ninke su da hannunta ta sa masa a jaka.

Yanzu ni kaɗai ke cin girkinta. In ta dafa shinkafar kwakwa takan miƙo min ta katanga, ni kuma in fito ƙofar gida in baje in ci a bainar jama'a ina siɗe hannu, don masu ido su gani, mai jin haushi ya mutu. Tamfe dai ta daina. Ta ce irin ya mutu a gwangwani, ban tambaye ta ko shi ya mutu don kansa ko ita ta bar shi ba.

Da sabuwar gyaɗa ta shigo, na ja ta dole zuwa kasuwar Karaye, ni in yi awo, ita ta sha iska. Muna layin masu hatsi ta damƙe min hannu har sai da na ji zafi. Ga Radiyya can tana cinikin barkono, ga Hidaya a gefenta da sabon hijabi tana lasar alawa. Na ce mu wuce. Hajo ba ta ji ni ba. Ba ta kuma matsa ba, daga inda take ta durƙusa ta kira a hankali, "Hidaya."

Yarinyar ta waiwayo. Na ga fuskarta ta washe, har ta ɗaga ƙafa za ta taho. Sai ta tsaya cak, kamar wadda ta tuna karatu. Ta koma bayan gwaggonta ta ɓuya, ta leƙo da ido ɗaya, ta ɗaga 'yar muryarta ta faɗi abin da aka koya mata, abin da ake faɗa in an yi karo da maye.

"Kurwata kur! Ki ci kanki, ki sha baƙin ruwa!"

Radiyya kanta ta sunkuyar da kai, ta ja yarinyar suka shige cikin mutane. Ni kuwa na rasa wanda zan zaga. Na kama Hajo na ɗaga ta, ina jira ta faɗi ko ta kurma ihu. Ita kuwa ɗage take yi tana leƙen inda suka bi, har hijabin ya ɓace.

"Ikilima," ta ce, "kin gan ta? Ba ta rame ba. Wallahi suna ba ta tana ci."